Hajiya, ga abin da ya rage a hannunku kan gurbin yaron

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ɗanki ya ci 231 a JAMB, ya nemi likitanci a Jami'ar Legas (UNILAG), har yau CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da gurbi a kai, shiru, kowa kuma sai ya ce miki a bar wa Allah. A bar masa ɗin, amma tawakkali da riƙo da sababi tare suke tafiya.

Ya fara shiga CAPS ya tabbatar an ɗora masa sakamakon WAEC ko NECO. Nan yara da yawa ke faɗuwa: maki ya isa, sakamako bai hau ba, jami'a kuwa ba ta ba da gurbi sai da shi. A cibiyar jarrabawa ta kwamfuta (CBT) da JAMB ta amince da ita ake ɗorawa. A duba suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a NIN da JAMB da WAEC, don "Muhammad" a nan, "Mohammed" a can yana jawo wahala ranar tantancewa.

Ki yi haƙuri da wannan: 231 cikin 400 da wuya ya kai likitanci a UNILAG, masu nema sun yi yawa. Gara ya sauya kwas ko makaranta tun ba a rufe ba. Ya yi istihara, ya shawarci malamansa, sannan ya sauya. Jami'o'in tarayya suna ware kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin yankinsu, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, irin su Kano, Katsina, Jigawa da Sakkwato. In mahaifinsa ɗan irin waɗannan jihohin ne, haihuwarsa a Agege ta Legas ba ta hana shi shiga wannan kaso na 20, muddin yana da takardar shaidar ƙaramar hukumar mahaifinsa. A aika gida a karɓo ta yanzu.

Ita ce kuma za ta yi masa amfani wurin tallafin karatu, domin na Jihar Legas na 'yan asalinta ne. Kuɗin NELFUND kuwa, wato asusun lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, bashi ne marar ruwa, ba kyauta ba, kuma sai ya samu gurbi a makarantar gwamnati.

Don Allah kada ki ba kowa kuɗin "sayen gurbi". Duk gurbin da bai fito a CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, matsalar takan taso lokacin bautar ƙasa. In ya fito, ya danna amincewa da wuri, ya buga takardar gurbin. Allah ya zaɓa masa mafi alheri.