Tambayi Likita: Yara da littattafan lissafi

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 3. Na sayo masa littafin ƙirga mai hotuna, maigidana ya ce na yi gaggawa. Zai wahalar da ƙwaƙwalwarsa?

Amsa: Ba ki yi gaggawa ba, Malama. Tun 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su riƙa karanta wa yaro tun yana jariri. Sai dai ɗan shekara 3 yakan rera ɗaya zuwa goma kamar waƙa, bai san ma'anarsu ba. Ki riƙe yatsansa ya taɓa kowane tsuntsu a shafin, sannan ki ce, "To, nawa ne duka?" Ranar da ya gane lambar ƙarshe ita ce adadinsu, ya shiga lissafi ke nan. In ya gaji, a rufe littafin.

Tambaya: 'Yata mai shekara 8, duk ranar lissafi sai ta ce cikinta na ciwo. Ƙarya take yi?

Amsa: Don Allah, Malam, kada ka ƙaryata ta. Fargaba na murɗa ciki da gaske, kuma tana dagula tunanin da yaro ke riƙe lambobi da shi, har ya manta abin da ya sani sarai. A fara kai ta asibiti, musamman in akwai zazzaɓi, amai, rama, ko ciwon na tada ta cikin dare. In ba a ga komai ba, ka nemo littattafan da lissafi ke tafe cikin labari: yara na raba abin wasa, ana auna tsawon gada. Ku karanta tare, ba maki, ba gaggawa, ka bar ta ta yi hasashe ko da ta kuskure. Tsawa da duka ƙara fargabar suke yi, abin yana damuna ƙwarai. In bayan watanni har yanzu tana kasa bambance 6 da 9 wanne ya fi yawa, a kai ta ga masanin koyon yara. Akwai larurar wahalar gane lambobi da ke shafar yara kusan 3 zuwa 7 cikin 100, kuma ba daƙiƙanci ba ne.

Tambaya: Wasan lissafi na waya zai iya maye gurbin littafi?

Amsa: Ga ƙananan yara, littafi na fi so, domin yana sa babba ya zauna a yi hira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin.