Kirista zai iya rubuta wa budurwarsa waƙar soyayya?

Tambaya: Malam, ina cikin ƙungiyar mawaƙa a ikilisiyarmu da ke Sabon Tasha. Na rubuta wa yarinyar da zan aura waƙa, na karanta a taron matasa, sai wani dattijo ya ja ni gefe ya ce wannan kayan duniya ne, ɗan Allah yabon Ubangiji kaɗai ya kamata ya tsara. Na yi zunubi ne?

Amsa: Ɗana, ba ka yi zunubi ba. Ka buɗe Littafi Mai Tsarki, bayan Mai Hadishi za ka tarar da Waƙar Waƙoƙi: surori 8 ne, ayoyi 117, kusan dukansu zancen saurayi da budurwa da ke marmarin juna. Kafin nan ma, maganar farko da aka rubuta daga bakin Adamu, a Farawa 2:23, waƙa ce ya yi da ya ga matarsa.

Amma damuwar baba ba yau ta fara ba. Malaman ikilisiya na dā sun fi karanta Waƙar Waƙoƙi a matsayin misalin Almasihu da ikilisiyarsa, suna dogara da Afisawa 5. Bernard, wani shugaban sufaye a Faransa, ya yi wa'azi 86 a kan littafin, ya rasu a 1153 bai wuce farkon sura ta 3 ba. Wannan fassara tana da daɗi, ni ma ina koyar da ita. Sai dai a ganina misali ba ya tsayuwa a kan ƙazanta. Da son da ke tsakanin namiji da mace abin ƙyama ne, da ba a kwatanta ƙaunar Almasihu da shi ba.

Inda nake yawan ganin matasanmu sun zame shi ne wajen kalma. Sai mutum ya ce wa budurwa ke ce mai cetona, ba ni da rai sai da ke. Nan kam an ɗora mata kayan da Allah kaɗai ke iya ɗauka, kuma wuyanta zai gaji tun kafin shekara. Wasu kuma tsoro ke sa su cusa "Yesu" a ƙarshen kowane baiti kamar laya, alhali ɗangon bai nemi hakan ba. Waƙar Waƙoƙi kanta da kyar za ka ga ambaton sunan Allah a cikinta, amma har sau uku (2:7, 3:5, 8:4) tana gargaɗi kada a ta da ƙauna kafin lokacinta. Tun da ba a ɗaura muku aure ba, bari alƙalaminka ya tsaya inda hannunka ya tsaya.

Sannan ka lura da siffantawar littafin. Makiyayi ne ke magana, shi ya sa ya kwatanta gashinta da garken awaki masu gangarowa daga Gileyad, haƙoranta da tumakin da suka fito wanka. Kada ka gwada wannan a kan 'yar Kaduna, za ka sha harara. Ka ɗauko naka: hazon hunturu a kan gadar kogin Kaduna, ƙanshin ƙasa a ruwan fari, muryarta a layin mawaƙa ran Lahadi. Amsa-amo kuma kada ya tilasta maka faɗin abin da ba ka nufa.

Baba kuwa, ka same shi a gida da ladabi, ka roƙe shi ku karanta sura ta 8 tare. Mai yiwuwa wurin da ka karanta waƙar ne ya dame shi. Wata waƙar ta taro ce, wata kuma a ninke take a miƙa wa mai ita.