Tambaya da Amsa: Bashin kuɗin ƙasa zai iya cinye mana gidan gado?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida mai takardar C of O a Kaduna. Da muka tashi rabon gado sai muka tarar shekara 8 ba a biya kuɗin ƙasa ba. Ga kuma ƙaramar hukuma ta manna mana takardar harajin gida a ƙofa. Ba abu ɗaya ake karɓa sau biyu ba? Kuma da gaske ne za a iya ƙwace gidan? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinku. Kuɗaɗen nan biyu ne, kowanne da mai shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, don haka takardar da ke hannunku izinin zama ce na wasu shekaru, galibi 99 ga gidan zama, kuma kuɗin ƙasa shi ne hayar filin da ake biyan jiha duk shekara. Harajin gida kuwa a kan ginin yake, kuma Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa shi cikin ayyukan ƙaramar hukuma, bisa ƙa'idar da majalisar jiha ta tsara. Biyan ɗaya ba ya sauke ɗayan.

Batun ƙwacewa, e, doka ta ba da dama. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke izinin wanda ya karya sharuɗɗan takardarsa, biyan kuɗin ƙasa kuma yana cikinsu. Juya takardar ki karanta, za ki ga adadin da ranar biya. Da yawa sukan ce "ai ba a aiko mana da takardar nema ba", amma sharaɗin yakan ce a biya ko ba a nema ba. A watan Maris na 2025 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 saboda bashin da ya wuce shekara 10. Da aka fara garƙame gine-gine a watan Mayu, sai da shugaban ƙasa ya sa baki aka ba da kwana 14, tare da tarar naira miliyan 2 zuwa 5 gwargwadon unguwa, ban da asalin bashin. Sai dai sokewa ba ta inganta sai an ba mai fili sanarwa a rubuce.

Amma tun kafin a kai can bashin yake fara cizo. Ranar da kuka so sayar da gidan, ko mayar da takardar sunan magada, ko jinginar da ita a banki, sai an nemi amincewar gwamna, kuma fayil ba ya motsi sai an share bashi. Mai saye ma da zarar lauyansa ya bincika ya gani, zai zabtare kuɗin daga farashi, har da ƙari.

Ku ɗauki kwafin takardar da lambar fayil ku je ofishin KADGIS, hukumar da ke kula da filaye da takardunsu a Jihar Kaduna, a buga muku lissafi shekara-shekara. Ku duba girman filin da abin da aka rubuta ana yi da shi, domin idan an yi kuskure an sa gidan zama a matsayin wurin kasuwanci, kuɗin kan yi tsalle. Ku tono tsofaffin rasit a akwatin marigayi, wataƙila ya biya wasu shekarun ba a shigar ba. In akwai gyara, ku rubuta ƙorafi cikin wa'adin da ke jikin takardar lissafin, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. In kuɗin ya fi ƙarfinku lokaci guda, ku nemi biya kashi-kashi a rubuce. Shawarata, a fitar da shi daga dukiyar marigayi kafin rabo kamar sauran basussuka, domin da zarar kowa ya kama nasa, tara kuɗin nan sai ya zama abin faɗa tsakanin 'yan uwa.

Tambaya: Malam, shago gare ni. Wasu sukan zo da riga mai tambari su ce in ba su rabin kuɗin shago a hannu, a rufe magana. In ba su? (Wani ɗan kasuwa daga Zariya)

Amsa: Kada ka bayar, Alhaji. Abin da bai shiga asusun hukuma ba, a littafinsu ba ka biya ba; baɗi za a taso ka da cikakken kuɗin shekara biyu da tara, ko ka zo da safe ka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ka nemi takardar nema mai sunan shagonka da shekarar, ka biya ta banki ko hanyar da hukumar ta ayyana, sannan ka ɗauki hoton rasit ɗin a waya, domin tawadar na'urar POS kan goge cikin 'yan watanni.