Hukuncin mai ta tsayawa takara a ƙaramar jam'iyya yana shan kaye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya tsaya takarar majalisar dokokin jiha sau uku a wata ƙaramar jam'iyya, 2015, 2019 da 2023, duk bai kai labari ba. Yanzu yana so a sayar da gonar gadonmu da ba a raba ba, ya sake fitowa. Wannan ba shi ne neman mulkin da aka hana ba? Kuma wajibi ne mu yarda? Daga ƙaninsa, Azare.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Hanin da kake nufi tabbatacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura roƙon shugabanci, domin wanda aka ba shi saboda ya roƙa, sai a bar shi da kayansa. Amma Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ce shi mai tsarewa ne, masani (Yusuf, aya ta 55). Malamai suka haɗa nassosin biyu: abin zargi shi ne kwaɗayin kujera, ko mai rauni ya kinkimi amanar da ta fi ƙarfinsa. Wanda ya cancanta, ya ga in ya ja baya haƙƙin jama'a zai salwanta, babu laifi ya gabatar da kansa. Ga shi kuma a tsarin Najeriya ba a zuwa har gida a naɗa mutum, sai jam'iyya ta tsayar da shi.

Ƙanƙantar jam'iyya ba aibi ba ce a shari'a, faɗuwa sau uku ma ba ta mai da halal haram. A nan Bauchi, a zaɓen 2019, PRP ta ci kujeru biyu na majalisar wakilai ta tarayya. Sai dai hadisi ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami guda, don haka lissafi ya zama dole.

Ku zauna da shi, ya kawo takardun sakamako na EC8A da ejan-ejan ɗinsa suka karɓo a zaɓukan nan uku, ku jera su akwati-akwati. Ƙuri'arsa hawa take ko sauka? Ta fita daga unguwarsu da ta surukansa? A akwatuna nawa ya iya ajiye ejan tun safe har aka ƙirga aka sa hannu? Nan ne ƙananan jam'iyyu suka fi faɗuwa: kuɗi ya ƙare a fosta, gangami da man mota, ranar zaɓe babu na abincin masu tsaron akwati. In ma takardun ba su hannunsa, wannan kaɗai ya ishe ku amsa. Idan ƙuri'a na ƙaruwa kuma daga rarar dukiyarsa yake kashewa, ya halatta. Idan tana nan jiya-i-yau, gida kuma na kwana da yunwa, ya faɗa cikin tozarta dukiya da Allah ya ƙi, ga hadisin Abu Dawud da ya ce zunubi ya ishi mutum ya tozarta wanda yake ciyarwa.

Batun gona kuwa a fili yake. Ba shi da ikon sayar da ita sai da yardar kowane magaji, mace da namiji, yarda ta son rai, ba wadda aka karɓa da kunya a gaban dattawa ba. In akwai maraya a ciki, waliyyinsa ba zai sa hannu ba, domin kamfen ba maslahar maraya ba ce. Abin yi shi ne a raba gadon, kowa ya san iyakarsa. In ya sayar da kasonsa ga bare kafin rabo, kuna da haƙƙin shuf'a: ku biya kuɗin da aka saya, ku karɓe. Ƙin yardarku ba yanke zumunci ba ne. Zakka ma ba ta shiga asusun kamfen, haka bashin ruwa, kuma bai halatta ya ci bashin da ya san babu hanyar biyansa sai in ya ci zaɓe ba.

Sai abin da ba ka tambaya ba, alhali ya fi yawa a irin wannan takara. Wani yakan fito ne ba don ya ci ba, sai don ana saura kwana biyu babban ɗan takara ya kira shi, a ba shi na goro ya sanar ya janye. A lokacin wa'adin janyewa na INEC ya wuce, alamar jam'iyyarsa na nan a takardar ƙuri'a, mutumin ƙauye da bai ji labari ba ya dangwala masa a banza. Janyewa don mara wa wanda ya fi cancanta baya halal ce, in an yi ta a kan lokaci kuma an gaya wa magoya baya gaskiya. Karɓar kuɗi a kanta kuwa sayar da amanar jama'a ne, haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Ka tambayi yayanka a keɓe, da ladabi, ko an taɓa yi masa irin wannan tayin, da amsar da ya bayar.

Wallahu a'alam.