Tsakanin Canon 10-18mm da Tokina 11-16mm

Malam, ka tambayi wanne daga cikin waɗannan gilasan kyamara (lens) biyu za ka saya wa kyamararka Canon 80D don ɗaukar biki. Ni dai Tokina zan ce.

Dalilina haske ne. Tokina na buɗewa har f/2.8 a kowane tsawo daga 11mm zuwa 16mm (lambar f ma'aunin buɗewar gilashi ce: in ta yi ƙasa, haske ya fi shiga), Canon kuwa daga f/4.5 yake farawa, ya koma f/5.6 a 18mm. A zauren biki da dare wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Gaskiya Canon na da IS, wato na'urar rage girgizar hoto, ga shi mara nauyi, amma IS rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da masu rawa.

Aibin Tokina shi ne in fitila ta haske shi kai-tsaye, hoton kan yi hazo. Kuma kada ka sa amarya a gefen hoto a 11mm, fuskarta za ta miƙe.