Yadda ƙananan hukumomin Ingila ke raba gidaje masu rahusa

Tambaya: Ina zaune a Birmingham da matata da 'ya'ya uku, mace mai shekara 11 da maza biyu masu shekara 7 da 4, a gidan haya mai ɗakin kwana ɗaya. Bara na samu takardar zama ta dindindin. Ina jin ana cewa ƙaramar hukuma na ba da gida mai rahusa, amma wasu na cewa sai an yi shekaru ana jira. Yaya tsarin yake, kuma daga ina zan fara?

Amsa: Malam, ka fara cire tunanin layi daga ranka. Ba wanda ya riga zuwa ne ke riga samu ba. Dokar gidaje ta 1996 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta rubuta tsarin rabonta, ta kuma fifita wasu mutane: wanda ba shi da muhalli, wanda ke zaune a cunkoso ko a gidan da ke cutar da lafiya, mai larurar rashin lafiya ko naƙasa, da wanda tilas ya koma wata unguwa don kada ya tagayyara. Mutum na iya yin rajista yau ya wuce wanda ya yi shekara 8 yana jira, idan halinsa ya fi tsanani.

Kafin a duba buƙatarka akwai ƙofa biyu. Ta farko ta takardar zama ce, kuma kai ka wuce ta. Amma a gaya wa 'yan'uwan da ke kan bizar karatu ko ta aiki: galibi an rubuta musu sharaɗin cewa ba su da rabo a tallafin gwamnati, kuma gidan ƙaramar hukuma na cikin wannan tallafi. Ƙofa ta biyu ta zama ɗan gari ce. Tun daga dokar 2011 aka ba ƙananan hukumomi dama su sa nasu sharuɗɗan, shi ya sa wata za ta ce sai ka shekara 2 a yankinta, wasu a Landan su ce 5 ko fiye. Mai gidan kansa, ko mai ajiyar kuɗi da ta haura ƙa'ida, ko mai tsohon bashin haya, ana iya hana shi shiga rajistar baki ɗaya.

Ana cike takardar neman shiga rajistar ta intanet. Ka tanadi fasfo da shaidar zama ta kowa a gidan, takardun haihuwar yara, yarjejeniyar hayarka, takardun albashi da na banki na 'yan watannin baya, da jerin adireshin da ka zauna a shekarun nan. In akwai mai ciwo, wasiƙar likita da ta ce "yana da asma" kawai ba ta cika tasiri. Wadda ke aiki ita ce wadda ta nuna yadda gidan ke ƙara masa ciwon, misali danshi da fumfuna a bangon ɗakin da yake kwana.

Daga nan sai a sa ka a rukuni bisa tsananin buƙatarka, yawanci daga na 1 zuwa na 3 ko na 4. A nan lissafin ɗakuna ke da muhimmanci. Miji da mata ɗaki ɗaya. Yara biyu 'yan ƙasa da shekara 10 suna iya haɗa ɗaki ko da mace da namiji ne, amma da zarar ɗaya ya kai 10 ba a haɗa shi da wanda ba jinsinsa ba. Wato 'yarka na da ɗakinta, mazan biyu ɗaki guda, ku ma ɗaya: ɗakuna 3 kuke buƙata, kuna da 1. Giɓin ɗaki biyu cunkoso ne mai tsanani a yawancin tsare-tsare. Idan ka ga an sa ka a rukunin ƙasa, kada ka yi shiru. Kana da damar neman a sake duba hukuncin, kuma galibi kwana 21 ake bayarwa daga ranar da wasiƙar ta iso.

Yawancin hukumomi ba sa kiran mutum su ce ga gida. Suna tallata gidajen da babu kowa a ciki a shafinsu, sau da yawa mako-mako, kai kuma ka shiga ka nuna waɗanda kake so, ba tare da biyan ko kwabo ba. Idan aka rufe, sai a jera masu so bisa rukuni, sannan bisa ranar da kowa ya shiga rukuninsa. A wannan gaɓar mutane ke yi wa kansu illa. Wani ya kafe sai gida mai lambu kusa da masallaci da makarantar yara, ya ƙi duban bene. Wani a ba shi gida ya ƙi karɓa ba da hujja ba, a rage masa matsayi ko a dakatar da shi. Wani kuma ya sauya adireshi ko ya samu ƙaruwa bai sanar ba, ko ya manta da sabunta rajista, sai a goge sunansa.

Dalilin doguwar jiran kuwa shi ne gidajen sun yi kaɗan. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu hayar gidajen ƙananan hukumomi 'yancin sayen gidajen da suke ciki da rangwame mai yawa, kuma tun daga lokacin an sayar da kusan miliyan 2 a Ingila ba tare da an gina madadinsu daidai ba. Yanzu iyalai sama da miliyan 1.3 ke cikin rajista. Manyan gidaje ne suka fi ƙaranci, domin wanda ya samu mai ɗaki 3 ko 4 ba ya tashi. Saboda haka, Malam, buƙatarka mai ƙarfi ce, amma irin gidan da kake nema shi ne ya fi wuyar faɗowa.

Ta fuskar kuɗi, hukumar da ke da gidajenta tana da asusu na daban da kuɗin haya ke shiga, daga ciki ake gyara da biyan bashi, kuma ba a yarda a kwashe shi a yi wani aiki ba. Sai a 2018 aka cire iyakar bashin da za ta iya ci don gini. Birmingham na riƙe da gidaje kusan 60,000, amma hukumomi da dama sun miƙa nasu ga ƙungiyoyin gidaje marasa neman riba, sun riƙe ikon tura masu haya daga rajistarsu. Wata hanyar ita ce sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990: idan kamfani zai gina rukunin gidaje, ana ɗaura masa sharaɗin ware wani kaso mai rahusa. Kamfanoni kan kawo lissafi su ce aikin ba zai yi riba ba, a yi ta ciniki har kason ya ragu.

Ka kuma lura da kalmar rahusa a tallar gida, don iri biyu ce. Akwai tsohuwar hayar da gwamnati ke ƙayyadewa, wadda a wurare da yawa ba ta wuce rabin farashin kasuwa sosai ba, akwai kuma wadda aka ɓullo da ita a 2011 da ke iya kaiwa kashi 80 cikin 100. Ka duba wacce ce kafin ka nuna sha'awa. Sabon mai haya kan fara da zaman gwaji na wata 12, kuma ba wa wani gidan haya a ɓoye laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 2.

Idan mai gidanka na yanzu ya ba ka takardar tashi, wannan hanya ce ta daban. Dokar 2017 ta ɗora wa hukuma taimaka maka tun saura kwana 56 ka rasa muhalli. Ka kai musu takardar a makon da ka karɓe ta, kuma kada ka tattara kaya ka fita da kanka kafin su ba ka shawara, domin ana iya rubuta cewa da ganganci ka bar gidan, wanda hakan ke rage nauyin da ke kansu.