Ba Ta Ƙone Ba, Cire Batirin Bod Tukuna

Ɗana, saƙonka ya shigo sha ɗaya da rabi na dare, ban gan shi ba sai bayan asuba. Ka ce: "Maigida, na gwada ƙara wa firosesar nan gudu kamar yadda na gani a YouTube. Na sa 50, Windows ta tashi, ba a yi minti biyu ba ta kawo shuɗin sikirin. Na ƙara wuta zuwa 1.40, zafi ya kai 100. Sai na kunna XMP, yanzu fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin. Na ƙona ta ne?"

Kwantar da hankalinka, da wuya ƙwarai a ce ta ƙone. Firosesar da ke hannunka i5-9600K ce, ta 2018, kuma irinta idan zafi ya kai digiri 100 da kanta take rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta. Abin da ya faru shi ne ka ba bod umarnin da ba zai iya tashi da shi ba, ga shi kuma ya haddace umarnin, duk lokacin da ka kunna shi yake sake gwadawa. Sai ka mantar da shi.

Zare wayar wuta daga bayan fawa fak gaba ɗaya, kashe makunni kawai bai isa ba. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa goma, ragowar wutar ta tsiyaye. Sannan ka duba kan bod, akwai batiri zagayayye mai ƙyalli kamar kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa. Tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi da farce, zai yi tsalle ya fito. Ba shi minti biyar a waje. In ka ga fil biyu da aka rubuta CLR_CMOS ko CLRTC kusa da su, haɗa su da bakin sukudireba na 'yan daƙiƙoƙi ma ya wadatar. Idan ta tashi za ka tarar agogo ya rikice, ka gyara shi, ka kuma duba ko har yanzu daga faifan Windows take tashi. Kada ka ga haka ka sake kira na da dare.

Yanzu ga inda zan yi maka faɗa. Abu uku ka taɓa a zama ɗaya, kowanne da cutarsa daban, ba ka tsaya ka gane na farko ba ka ɗora na biyu a kai. Ka taɓa ganin bakanike ya canza fulogi da kafireta da mai lokaci guda, sannan ya ce ya san abin da ya hana babur tashi? Ko ya tashi bai sani ba.

Lambar 50 ɗin nan ninki ce. Bod yana da agogon tushe mai bugun megahaz 100, firosesa ta ninka shi da lambar da ka ba ta, 50 ya zama gigahaz 5. Gudun da aka rubuta mata 3.7 ne, tana hawa har 4.6 a kan ƙwaya ɗaya, amma idan duk ƙwayoyinta shida suna aiki a 4.3 take tsayawa. Kai daga 43 ka yi tsalle zuwa 50 don wani ya yi a bidiyo. Firosesa biyu masu lamba ɗaya, daga masana'anta ɗaya, ba su zama ɗaya wajen juriya ba. 'Ya'yan ciki ɗaya ma kowa da ƙarfinsa. Ta wancan mutumin ta ɗauki 50, taka wataƙila a 48 za ta ce ta gaji, kuma ba laifinka ba ne. Agogon tushen kuwa ka bar shi a 100 ɗinsa.

Shuɗin sikirin yana magana, kai ne ba ka karanta ba. A ƙasansa akwai rubutu. In ka ga CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT ko WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR bayan ka ƙara gudu, galibi wutar da ke isa firosesa ce ta gaza gudun da ka nema. A nan tunaninka ya yi daidai, hannunka ne ya yi nauyi. Wuta da ɗigo ake ƙara ta, volt 0.01 ko 0.02, kamar gishiri a miya. Kai ka juye gwangwanin.

Ga dalilin da 1.40 ya dafa ta. Zafin da firosesa ke fitarwa ba ya bin wutar kai da kai, ninkin wutar da kanta yake bi. A ce daga 1.20 ka tashi zuwa 1.40: ƙarin da ka yi bai kai kashi 17 cikin ɗari ba, amma zafin ya ƙaru da kusan kashi 36, tun ba a lissafa ƙarin gudun ba. Haɗa da shi, ƙarin zafin ya wuce rabin abin da take fitarwa a da. Duk wannan a kan wace fanka ka ɗora shi? 'Yar ƙaramar nan da ka ciro daga tsohuwar kwamfutar ofis, na gan ta a kan tebur ran Laraba na yi shiru. Masu harafin K ɗin nan ko fanka ba a sa musu a kwali, don an san wanda ya saye su babba zai nema. Sai ka sami mai bututun tagulla huɗu ko fiye kafin mu ci gaba. Ka goge tsohon man da ya bushe a kan firosesar da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan. In fankar sabuwa ce ka leƙa gindinta, akwai ledar da ake ɓarewa. Na sha buɗe kwamfuta na tarar da ita a manne.

Ni dai a shagona ba na wuce 1.35 a irin wannan firosesar, kuma in gwaji ya kai ta sama da digiri 85 na ja da baya. Kada ka manta inda kake zaune. Mutumin da ka kalla wataƙila ɗakinsa digiri ashirin da 'yan kai ne. Mu nan Katsina a watan Afrilu waje yana kai 40, shagonmu na Ƙofar Ƙaura kuma rufin kwano ne. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru, firosesa ma ta ƙaru da kusan haka.

Wannan da kaina na koye shi, kuma da tsada. Wata shekara cikin hunturu na saita wa wani mai haɗa bidiyon biki kwamfutarsa. Na gwada ta kwana guda, lafiya lau, ya biya ya tafi yana ta godiya. Da bazara ta kama, ga ƙurar hunturu ta cushe haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga, sai ta riƙa mutuwa a tsakiyar fitar da bidiyo. Ya zo da ita a kan babur ana jibi zai miƙa aikin wata amarya, ransa a ɓace. Na hure ta da bulowa, na rage ninkin da biyu, na mayar masa da kuɗin saitin. Tun daga nan da azahar nake gwaji, ƙofa a rufe, murfin akwatin a ɗaure yadda mai ita zai yi amfani da ita.

XMP kuwa ba na firosesa ba ne, saitin ƙara wa ram gudu ne, kuma shi nake zargi da baƙin sikirin. Ram ɗinka biyu ba kamfani ɗaya ba ne, a kasuwa ka haɗa su. A gudun da bod ya zaɓa musu suna zaman lafiya, da ka tilasta su gudun ɗayan sai ɗan'uwansa ya ƙi. Bar shi a kashe sai an gama da firosesa. In lokacinsa ya yi, sa su a rami na biyu da na huɗu daga wajen firosesa, ka ba bod minti biyu ko uku ya daidaita su kafin ka yanke hukunci, sannan ka gwada da manhajar gwajin ram, MemTest86.

To, ga yadda za ka sake farawa. Sayi littafin rubutu mai shafi arba'in. Kafin ka taɓa komai, buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da wuta, ka gudanar da Cinebench mai gwada ƙarfin firosesa, ka rubuta maki da zafi da wutar da take sha da kanta. Sannan ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod, ka sa 45 a duk ƙwayoyin, wuta ka rubuta ta da hannu, kamar 1.25, kada ka bar ta a Auto don bod yakan yi almubazzaranci da ita. Gwada, rubuta. In ta tsaya, 46. In ta faɗi, ɗigo ɗaya na wuta, ka sake. Ka sa ido a manhajar CPU-Z lokacin da aiki ya yi nauyi: in ka sa 1.28 kana ganin tana zubewa zuwa 1.22, akwai saitin LLC mai rage zubewar wutar nan, ka sa shi a tsaka-tsaki. Inda ka ga mataki ɗaya na gudu yana neman wuta mai yawa, nan ne iyakarta, koma baya da ɗaya, ka bar manhajar gwaji ta Prime95 ta gasa ta awa biyu ko uku. Kuma kada ka yi gwajin a kan ƙaramin janaretanka mai tari. In ta mutu ba za ka san ko ita ce ko wutar ba.

Ribar fa? In ka samu 48, ƙarin kusan kashi 12 ne a kan 43. Bidiyon minti goma ya koma tara. Don koyo ya cancanci wahalar, za ka san bod fiye da abin da zan faɗa maka a wata uku. Amma a kwamfutar mai kawo gyara, ba da yawuna ba, sai shi ya nema da bakinsa kuma ka gaya masa garanti na iya tashi. Kwamfutocin ofis irin su OptiPlex da EliteDesk da ake kawo mana ma ba za ka ga wurin saitin ba, a kulle suke. Kai ma don bod ɗinka Z390 ne ya bar ka.

Ran Asabar ka zo da ita shago bayan azahar, da littafin. Ka biya ka sayo man firosesa sabo, na cikin aljihun tebur ya daskare.